Jakar Yaya Rasmane Ta Je Bamako

Yayana Rasmane ya fi kowa a unguwar Zongo sanin duniya, alhali tun rasuwar mahaifinmu bai taɓa kwana a wajen Wagadugu ba. Ni ƙanwarsa Su'ada, mai sarin atamfa da takalma a Lome, na ƙetare iyaka ya fi sau hamsin, amma in ka tambaye ni abin da na gani, ban wuce rumfar kwastan da ƙeyar direba ba. Shi kuwa zai zaunar da kai ya ba ka labarin jirgin ƙasan Muritaniya mai ɗaukar tama, da yadda matafiya ke hayewa kan lodin su rufe fuska da rawani. Zai gaya maka ƙasar da mutanenta ke yafa bargo ko da tsakar rana, da wadda ake kai wa ta kwalekwale kaɗai. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani da idonsa shi ne baraj ɗin Tanghin, madatsar ruwan garinmu, inda masu lambu ke ɗiba suna ba salak.

Abin ya samo asali ne daga mahaifinmu, Malam Dalhatu. Bakano ne da ya zo da fatauci ya zauna, ya auri mahaifiyarmu 'yar ƙabilar Mosi daga unguwar Larle. Ita ce ta mayar da Abdurrahman Rasmane, yadda danginta ke faɗa, sunan ya bi shi. Baba mai masauki ne. Duk ɗan kasuwar da ya sauka daga Kano ko Maraɗi ko arewacin ƙasar nan, gidanmu ake nuna masa. Da aka rushe tsohuwar unguwarmu ta tsakiyar gari muka dawo Zongo, ɗakin baƙi Baba ya fara ginawa. Mu iyalinsa wata biyu muka yi a ƙarƙashin rumfar kwano, baƙi na cikin ɗaki mai ƙofa.

Baba yana da tsarinsa, ba ya sauya shi. In baƙo ya yi sallama, abu uku zai yi masa da kansa, ba aike: ya miƙa masa ruwa, ya shiga da shi ɗaki ya nuna masa alƙibla, sannan ya nuna masa makewayi. Akwai kuma abu biyu da ya haramta wa kansa. Ba ya tambayar baƙo ranar tafiyarsa, kuma ba ya kwana a wani gari matuƙar akwai baƙo a gidan. Wannan na biyun yana da dalili. Muna ƙanana ya taɓa tafiya kasuwar Puytenga kwana biyu, ya bar wani mai goro da ɗan zazzaɓi. Mata ba sa shiga ɗakin baƙo namiji, sai dai su ajiye kwano a bakin ƙofa. Da Baba ya dawo ya tarar da kwanuka huɗu a jere ba a taɓa ba, mutumin kuma ya cika shi kaɗai. Har ya koma ga Allah bai yafe wa kansa ba.

Rasmane ya yi makarantar Faransanci, ya sami aiki a wani shagon buga takardu da fotokofi a unguwar Dapoya. Mutum ne mai sanyi, dogo, mai tsabta har ta yi yawa. Da ba don wani Bajapane ba, da ya ƙare rayuwarsa cikin kwanciyar hankali yana buga wa mutane takardar neman aiki.

Bajapanen nan a kan keke ya zo, shekara guda bayan komawarmu Zongo. Tayarsa ce ta yi faci daidai ƙofar gidanmu. Ya yi baƙi ƙirin da rana, kekensa ɗauke da jakunkuna kamar jakin mai itace. Baba bai tsaya tambayar addininsa ba. Ya miƙa masa ruwa, ya ja shi ɗaki, ya nuna masa gabas da hannu yana cewa, "Alƙibla ke nan." Bawan Allah ya dubi bango, ya dubi Baba, sai ya rusuna wa bangon. Mun sha dariya ranar har cikina ya ƙulle. Kwanansa biyar, ya tafi ya rubuta a intanet cewa akwai wani gida a Wagadugu da ake saukar matafiyi ba a tambaye shi komai ba.

Daga nan suka fara zuwa. Ba irin masu yawon buɗe idon da ake ɗaukowa daga filin jirgi a mota mai sanyi ba ne. Waɗannan masu jakar goyo ne, su kaɗai suke tafiyarsu, suna neman ƙasashen da ba kowa ke zuwa ba. Yaran unguwa na binsu da "nasara, nasara", su kuwa su zauna a tabarma su ci tuwo da miyar kuka da hannu. Rasmane ne tafinta. Ya sayo babbar taswira ya manna a bangon zaure, duk wanda ya zo sai ya nuna masa hanyar da ya biyo. Ya yi ta tambaya, ina ake kwana, me ake ci, wace mota ake shiga. In za su tafi, shi zai ɗauke su a moto, wato babur, ya raka su tasha, ya tsaya a ƙofar bas ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya ja da baya. Ba ya barin wurin sai motar ta ɓace.

Wata mata ce 'yar Potugal, mai furfura, ta jefa masa abin da ya zame masa ciwo. Ta ce a Gini Bisau akwai tsibirai da ake kira Bijagos, kuma a ɗayansu, Orango, dorina na shiga ruwan gishiri na teku. Rasmane ya ce bai yarda ba, dorina ta kogi ce. Ta nuna masa hoto. Tun daga ranar bai sake zama daidai ba. Ya gano cewa ba ya buƙatar biza, kuɗinsu ma sefa ne irin namu. Ya haddace hanya, Bobo, Bamako, Tambakunda, Ziganshor, Bisau, sannan jirgin ruwa. Ya sayi jakar goyo koriya a hannun wani matafiyi, ya rataye ta a ƙusa kusa da taswira. Ya ce bayan Babbar Salla zai tafi.

Kafin Sallar ta zo, Baba ya kwanta ciwon ajali. Ina wurin lokacin da ya riƙe hannun Rasmane ya ce, "Ɗakin nan kada a rufe shi. Kuma ka san abin da ba na yi." Rasmane ya ce, "Na sani, Baba." Shi ke nan. Da wannan 'yar maganar aka ɗaure shi, kuma da bakinsa ya amsa.

Da farko bai ga abin a matsayin ɗauri ba. Baƙo ai tafiya yake yi, wata rana ɗakin zai zama ba kowa. Amma gidan mai masauki ba ya rabuwa da mutum. Mai shadda zai fita da safe, mai albasa ya yi sallama da la'asar. In an sami kwana biyu ba kowa, sai Rasmane ya sauko da jaka ya fara shiri, kafin ya gama ninke wando wani ya buga ƙofa. Shekara shida aka yi haka. Ina ce masa, "Yaya, ka sa kwaɗo a ɗakin nan wata guda mana, sama za ta faɗo?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Bari dai wannan ya tafi."

Sai Alhaji Umar Faruƙ ya zo. Tsohon baƙon Baba ne, mai kawo shadda daga Kano tun kafin a haife ni. A wannan zuwan ya ce kwana huɗu zai yi. A rana ta uku yana alwala ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. An yi ta waya Kano. Matarsa ta rasu tuntuni, ɗansa ɗaya ya tafi nema wata ƙasa ba a san inda yake ba, sauran dangi kuwa kowa ya ce a yi haƙuri, za a zo. Har yau ana zuwa.

Shekara tara Alhaji ya yi a ɗakin baƙinmu. Aminata, matar Rasmane, ita ke dafawa, amma wanka da juyi da kai shi makewayi duk Rasmane ne, kafin ya tafi Dapoya da bayan ya dawo. Bakin Alhaji ya ɗan warware, kuma bai warware don godiya ba. Kunu ya yi zafi, kunu ya huce, ruwan Wagadugu ba ya kashe ƙishirwa, Hausarmu ta lalace da Faransanci. Na tsane shi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Wata rana na shiga zaure na ji yana cewa, "Rasmane, wannan jakar da ke rataye, ta wane baƙon ce?" Rasmane ya ce, "Ta wani ce da bai tashi tafiya ba tukuna, Alhaji."

A cikin shekarun nan duniyarmu ta ƙuntata. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai tsakiyar gari, masu jakar goyo suka fara raguwa, har suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Garuruwan da Rasmane ke tura su kallo, ɗaya bayan ɗaya, suka zama inda ba a zuwa sai da rakiyar soja. Taswirar zaure ta koɗe. Sannan Rasmane ya fara cin karo da gefen ƙofa, ya fara zubar da buta da ƙafa. Ni na tisa shi gaba zuwa asibitin ido. Likita ta haska, ta auna, ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci gefe da gefe. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

A hanyar dawowa na tsayar da moto a gindin wata bishiya na juyo na ce, "Yaya, ka ji abin da ta ce? In ba ka je ka ga tekun nan yanzu ba, wallahi ba za ka gan shi ba."

Ya ce, "Na ji."

"To? Mu ɗauki mutum ya kula da Alhaji. Sati uku ne fa, trois semaines kawai."

Ya ce, "Baba ma kwana biyu ya yi."

Na yi kuka a bakin titi, masu wucewa na kallona. Haushi ne ya sa ni kukan. Na ji haushin Baba a kabarinsa, na ji haushin mai goron da ban ma san sunansa ba, na fi jin haushin Rasmane da ke zaune a bayana yana ba ni haƙuri kamar ni ce mara lafiyar.

Alhaji Umar Faruƙ ya rasu a ƙarshen daminar shekara ta tara, wata Laraba da hantsi, kansa a cinyar Rasmane. Aminata ta ce kafin ya cika ya ce, "Ɗan Dalhatu, na tsare ka. Ka yafe mini." Ashe duk tsawon shekarun nan ya san ta wane ce jakar. Rasmane ya yi masa rakiyar ƙarshe zuwa maƙabarta, ya dawo ya share ɗakin, ya shanya katifa. Karo na farko tun rasuwar Baba ɗakin baƙi ya yi sati ba kowa, domin fataken ma sun daina zuwa.

Ban ba shi damar tunani ba. Na sayo tikitin Bamako na safiyar Litinin, na kai shi aka yi masa allurar shawara aka ba shi katin rigakafi, na sa Aminata ta soya masa dambun nama. Ya sauko da koriyar jakar, ya wanke ta, ya jera kaya: riga uku, maganin ido, ƙaramar darduma, da hoton dorinar nan da matar ta bar masa. Na ga Yayana yana dariya shi kaɗai. Ya ce mini a Bisau zai fara taɓa ruwan da ƙafa kafin ya shiga jirgi, don ya tabbatar.

Ranar Litinin bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗaure jakar a moto. Aminata na tsaye tana yi masa addu'a. Na tura moto waje ke nan, sai na ga mutum uku zaune a jikin katangarmu, wani tsoho Bafillace da sanda, da tsohuwa, da wata matashiya da ƙunshin kaya a ka. Ƙafafunsu duk sun kumbura. Tsohon ya miƙe da ƙyar ya yi sallama ya ce, "Nan ne gidan Malam Dalhatu?"

Da ina da iko da na ce masa ba nan ba ne.

Ya ce sunansa Hamadu, daga wajen Jibo can arewa, a da yana kawo shanu yana sauka wurin Baba shekara talatin da suka wuce. Masu bindiga sun tashi ƙauyensu, ɗansa ya mutu, wannan matarsa ce, wannan kuma surukarsa. Sun yi ta tambaya har aka nuna musu nan. Ya ce, "Kwana uku kawai, kafin mu san inda za mu."

Rasmane ya juya ya shiga gida ya fito da kwanon ruwa. Ya miƙa wa baƙon. Tsohon na sha na ja Yayana gefe na ce, "Ka saurare ni. Ni ma 'yar Dalhatu ce, ba tsinto ni aka yi ba. Na fasa Lome, zan tare a gidan nan har ka dawo. Matar tsohon nan na tare da shi, ba wanda zai mutu shi kaɗai a ɗaki. In ya yi tari zan shiga, ko me za a ce a ce. Baba cewa ya yi kada a rufe ɗaki, ga shi a buɗe."

Aminata ta ce, "Gaskiya ta faɗa, Malam. Ka tafi, don Allah."

Na ce, "Allons, mota ba ta jira." Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ya hau bayana. Na tashi moto da sauri kafin ya sake shawara, Aminata kuma ta shiga da baƙin.

A tasha komai ya tafi daidai. An duba katinsa, an rubuta Bamako a jikin jakar an jefa ta cikin ɗakin kaya, an fara kiran suna. Ina tsaye a gefensa ina jin daɗi irin wanda ban taɓa ji ba, yau ni ce mai rakiya. Aka kira sunansa. Ya taka matakalar farko, ya kama ƙarfen ƙofa. Sai ya tsaya. Mutanen baya suka fara gunaguni.

Ya juyo ya ce, "Su'ada, ban nuna masa alƙibla ba."

Na ce, "Yaya, Bafillace ne mai shekara saba'in! Rana ma ta fito, makaho ne da ba zai gane gabas ba? Aminata za ta nuna masa. Shiga!"

Ya ce, "Ɗakin a karkace yake, kin sani. Kowa kuskurewa yake yi."

Gaskiya ne, ɗakin a karkace Baba ya gina shi saboda yanayin filin. Amma ni da shi duk mun san ba ita ce maganar ba. Ya sauko. Ya matsa gefe ya ba na bayansa hanya. Na riƙe rigarsa, na roƙe shi da Allah, na zage shi a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Aka rufe ƙofa. Rasmane ya ɗaga hannu ya ce wa direba, "Allah ya kiyaye hanya," ya ja da baya, ya tsaya har motar ta ɓace. Sai da muka kai rabin hanyar gida muka tuna da jakar.

Kwana goma sha ɗaya ta yi kafin a dawo mana da ita. Ta je Bamako ta kwana a ofishinsu, dambun ya lalace, sauran kayan na nan. Rasmane ya shafa takardar da aka liƙa mata, ya kusanto da ita dab da idonsa ya karanta, ya mayar da jakar ƙusarta. Bai cire takardar ba.

Malam Hamadu na nan har yau, shekara ta biyu ke nan. Ba su da inda za su, kuma ba wanda ya tambaye su. Mutumin kirki ne, na so in tsane shi na kasa. Rasmane ya bar aikin Dapoya, don yanzu abin da ke gabansa kaɗai yake gani, shi ma kamar ta cikin bututu.

A zuwana Lome na ƙarshe na yi abin da ban taɓa yi ba. Na bar kaya a shago na taka har bakin teku, na tuɓe takalmi na shiga ruwan zuwa idon sawu. Na daɗe ina kallo, ina ƙoƙarin riƙe komai. Da na dawo na same shi a zaure a ƙarƙashin taswira, na zauna na ce, "Yaya, na je na gano maka shi."

Ya gyara zama ya ce, "Yaya yake?"

Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Na ce yana da girma, shuɗi ne, yana da ƙara.

Ya girgiza kai ya ce, "Na Lome ba shuɗi ba ne a bakin gaɓa, ruwan toka ne, sai can ciki yake yin shuɗi. Kuma in igiyar ta koma, yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarki kamar za a ja ki. Ba ki ji ba?"

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Haka suka ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Da sanyi?"

Kafin in amsa Malam Hamadu ya yi kira daga ɗakin baƙi, lokacin azahar ya yi. Rasmane ya laluba ya ɗauki buta, ya dafa bango da ɗaya hannun ya miƙe. Kafaɗarsa ta bugi jakar, ta yi lilo a ƙusa. Ya tsaya ya tsayar da ita, sannan ya bi bango ya tafi kai ruwan alwala.